Hani Rabin Magani Ne: Tsokaci A Kan Gishirin Jiki Da Masu Ciwon Ciki

Gabatarwa

Da wuya a sami gida a ƙasar Hausa wanda ba a taɓa ɗora wa wani daga cikin mutanensa dokar abinci ba saboda ciwon ciki. Mai gyambon ciki an ce kada ya kusanci yaji da tsami da wake. Mai kumburin ciki an raba shi da nono da gyaɗa da ganye. Mai basir an hana shi nama da maiƙo. Wanda aka yi wa aikin hanji kuwa, sai a tsare shi a kan kunu da farar shinkafa wata da watanni. Wani lokaci hanin daga bakin likita yake fitowa, wani lokaci daga mai magani, galibi kuwa daga 'yan dubiya, kowa ya zo da tasa dokar ya ajiye ya kama gabansa. Abin da ba a cika ji ba shi ne tambayar da ta kamata ta biyo baya, watau abin da aka ɗauke daga akushin majinyaci, da me za a mayar masa?

Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa hani rabin magani ne kurum. Duk wanda ya hana mai ciwon ciki wani abinci, ya ɗauki bashin mayar masa da abin da ke cikin abincin, musamman nau'o'in gishirin da jiki ba ya rayuwa sai da su. Kuma biyan wannan bashi yana da ƙa'ida: da awo ake yinsa, bisa shawarar wanda ya san aikin, domin ƙarancin gishirin nan kisa yake yi, yawansa ma haka.

Mene ne gishirin jiki?

In an ce gishiri, hankalin Bahaushe kan tafi ga na miya. To amma masana kimiyya sun faɗaɗa kalmar ta haɗa da wasu sinadarai waɗanda suke narkewa cikin ruwan jiki su ɗauki ƙarfin lantarki, shi ya sa likitoci ke kiransu ilektirolait. Manya daga cikinsu su ne sodiyam da kulorayid, waɗanda haɗuwarsu ce ke ba da gishirin miya, sai fotasiyam, da kalsiyam, da maganiziyam. Da wannan ɗan ƙarfin lantarki ne jijiya ke kai saƙo, tsoka ta tsuke ta saki, zuciya kuma ta riƙe bugunta daidai. Wani masani ɗan Ingila, Humphry Davy, shi ne ya fara ware sodiyam da fotasiyam a 1807, sa'an nan maganiziyam a 1808. Sunan fotasiyam daga tokar tukunya aka ciro shi, irin wadda mata ke tatsar ruwanta don girki, shi kuwa maganiziyam sunan wani yanki ne na ƙasar Girka ya ɗauka.

Daga cikin waɗannan, maganiziyam ne aka fi mantawa da shi. Jikin baligi yana ɗauke da kimanin giram 25 nasa. Rabi ko fiye da haka yana cikin ƙashi, mafi yawan saura yana cikin tsoka da sauran sassa, abin da ke yawo cikin ruwan jini kuwa bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Duk da ƙanƙantarsa, ayyuka fiye da 300 na sarrafa abinci da ƙarfi a cikin jiki ba sa tafiya sai da shi. Bisa ƙiyasin da hukumar masana ta Amurka ta fitar a 1997, namiji baligi yana bukatar miligiram 400 zuwa 420 kowace rana, mace kuwa 310 zuwa 320. Hanji lafiyayye ba ya tsotse duk abin da aka ci, kashi 30 zuwa 40 cikin 100 kaɗai yakan ɗauka, ƙoda kuma ita ke riƙe abin da ake bukata ta zubar da rara cikin fitsari.

Idan ya yi ƙaranci, alamun farko ba su da wata shaida: rashin cin abinci, tashin zuciya, kasala, mutuwar jiki. In abin ya yi nisa sai a ga yatsu suna mutuwa, tsoka tana ɗaurewa, jiki yana rawa, har ta kai ga jijjiga da rikicewar bugun zuciya. Ba abin mamaki ba ne mutumin da ya kai wannan hali a ce iska ce ta taɓa shi ko jifa aka yi masa, a shiga turare da rubutu, alhali gwajin jini guda ɗaya zai iya bayyana abin da ake ciki. Akwai kuma wani abu da likitoci suka daɗe da sani, watau in maganiziyam ya faɗi yakan ja fotasiyam da kalsiyam su faɗi tare da shi, kuma ko nawa aka ɗura wa majinyaci na waɗannan biyu ba za su tsaya ba sai an fara gyara shi.

Yadda ciwon ciki ke kwashe shi

Kowace rana kimanin lita 9 na ruwa ke ratsa hanjin mutum. Wajen lita 2 daga ci da sha ne, saura kuwa jiki ne da kansa ke zubowa, daga miyau da ruwan ciki da na matsarmama da sauransu, dukkansu ɗauke da gishiri. Hanji lafiyayye yana mayar da kusan dukkan wannan ruwa cikin jini, abin da ke fita da bayan gida bai wuce mililita 200 ba. Saboda haka duk ciwon da ya taɓa hanji ya taɓa wannan lissafi. A cutar amai da gudawa mai tsanani, baligi kan iya zubar da lita guda cikin awa ɗaya. Wannan kowa na ganinsa da ido. Wanda ya fi ɓoyuwa shi ne na mai ciwon da ya daɗe, wanda yake asara kaɗan-kaɗan shekara da shekaru.

Alal misali, akwai ciwon kumburin hanji wanda Burrill Crohn da abokan aikinsa biyu suka yi bayaninsa a wani asibiti na birnin Nuyok a 1932, har ciwon ya ɗauki sunansa. Ya fi kama ƙarshen ƙaramin hanji, wanda yake cikin wuraren da ake tsotse maganiziyam. Akwai kuma ciwon da alkama ke tayarwa, wanda wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, ya gano alaƙarsa da alkama cikin shekarun 1940, inda bangon hanji ke lalacewa ya kasa tsotsar abinci. A irin waɗannan cututtuka maiƙo ba ya narkewa sosai, sai ya haɗu da maganiziyam da kalsiyam a cikin hanji su zama wani abu mai kama da sabulu, su fice tare. Wanda ya ga yadda ake haɗa ruwan toka da mai a yi sabulun salo ba zai sha wuyar gane wannan ba.

Wanda ya fi kusa da mutanen wannan yanki shi ne zazzaɓin taifot, wanda in ya yi tsanani yakan huda ƙarshen ƙaramin hanji, har a kai ga tiyata. Wani lokaci a yanke wani sashe, wani lokaci a fito da bakin hanjin ta jikin ciki a manna jaka tana tare abin da ke fitowa. Mai irin wannan jaka ya rasa aikin babban hanji, wanda shi ne ke mayar da ragowar ruwa da sodiyam, don haka kullum cikin asara yake.

Har ila yau, maganin ma yana da nasa hannu. Ƙwayar omefirazol da danginta, waɗanda masu gyambon ciki da ƙwannafi ke saye a kantin magani ba da takardar likita ba, suna rage tsotsar maganiziyam in aka daɗe ana sha. A watan Maris na 2011 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a kan haka, ta ce ya fi aukuwa ga waɗanda suka haura shekara suna sha, kuma a kimanin kashi ɗaya cikin huɗu na waɗanda aka duba, ƙarin maganiziyam bai wadatar ba sai da aka dakatar da ƙwayar.

Abin da hani ke ɗaukewa

A kan wannan asara ne ake zuwa a ɗora hani. Abin takaici shi ne abincin da aka fi hanawa su ne suka fi ɗaukar maganiziyam. A cikin giram 100 na riɗi akwai kimanin miligiram 350, wake busasshe kimanin 180, gyaɗa kimanin 170, dawa wadda ba a surfa ba kimanin 165. Ganyaye irin su alayyafo da zogale da kuka ma suna da shi, domin koren ganye kansa da maganiziyam aka gina shi. A hatsi kuwa mafi yawansa yana cikin dusa, don haka surfe yakan tafi da shi. Shinkafar da aka goge ta yi fari fat tana riƙe da wajen kashi ɗaya cikin huɗu ne kawai na abin da ke cikin wadda ba a goge ba. Ke nan majinyacin da aka raba da wake da gyaɗa da ganye, aka bar shi da farar shinkafa da burodi da tataccen kunu, an toshe masa mashiga alhali mafita tana buɗe.

Ba a ce kowane hani banza ne ba. Mai ciwon alkama dole ya bar alkama da sha'ir har abada, kuma ya yi sa'a in a ƙasar Hausa yake, tun da gero da dawa da masara da acca da shinkafa ba su ɗauke da abin da ke cutar da shi. Wanda hanjinsa ya ƙuntata ko bai daɗe da tiyata ba, akwai dalilin rage masa abinci mai ɓawo da zare na wani lokaci. Amma hanin da ya tsaya a kan ilimi yana da sharaɗi da wa'adi. Tsarin abincin da masana na Jami'ar Monash ta Ostareliya suka fito da shi tun daga 2005 domin masu yawan kumburi da murɗar ciki, wanda ke rage wake da albasa da madara da alkama, mako 2 zuwa 6 kaɗai aka yarda a yi ana tsanantawa. Bayan nan sai a riƙa mayar da abincin ɗaya bayan ɗaya don a gane wanda ke tayar da ciwon, a saki sauran. Hanin 'yan dubiya kuwa ba shi da ranar ƙarewa.

Tarihin gyambon ciki ya isa darasi. A 1915 wani likita na birnin Cikago, Bertram Sippy, ya tsara wa masu gyambo shan madara kowace awa tare da garin kashe tsamin ciki. Shekaru da yawa ana bin wannan tsari, har aka lura cewa wasu majinyata kalsiyam yana yi musu yawa a jini, ƙodarsu tana lalacewa. Daga baya, a farkon shekarun 1980, Barry Marshall da Robin Warren na Ostareliya suka nuna cewa wata ƙwayar cuta ce ke jawo mafi yawan gyambon, kuma maganin mako ɗaya ko biyu kan kashe ta. A kan wannan aka ba su lambar Nobel a 2005. Duk da haka har yau akwai mutanen da suka shekara goma ba su ɗanɗana wake ba saboda gyambon da ba a taɓa gwada su an nemi ƙwayar cutarsa ba. Wannan shi ne garin neman gira a rasa ido.

Darasi daga ruwan gishiri da sukari

Wanda ke shakkar cewa mayar da gishirin jiki magani ne na gaske, sai ya dubi labarin ruwan gishiri da sukari. A 1960 wani masani ɗan Amurka, Robert Crane, ya bayyana cewa bangon hanji yana shigar da sodiyam da sukarin gulukos tare, ɗaya yana jan ɗaya, ruwa kuma ya bi su. A 1968 David Nalin da Richard Cash suka gwada wannan a kan masu amai da gudawa a birnin Daka, suka ga yana rage bukatar ƙarin ruwa ta jijiya ƙwarai. A 1971, lokacin yaƙin 'yancin Bangaladash, wani likita ɗan Indiya, Dilip Mahalanabis, ya ga ruwan ƙari ya ƙare masa a sansanin 'yan gudun hijira na Bangaon, sai ya sa 'yan'uwan majinyata suna ba su wannan haɗi da kofi. Cikin mutum sama da 3,000 da aka yi wa haka, mace-mace suka sauko daga wajen kashi 30 cikin 100 zuwa 3.6. A Nijeriya an yaɗa wannan ilimi sosai zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti yake Ministan Lafiya, daga 1985 zuwa 1992.

Sirrin wannan haɗi yana cikin awonsa. Wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka amince da shi tun 2002 yana da giram 2.6 na gishirin miya, da 13.5 na gulukos, da 1.5 na gishirin fotasiyam, da 2.9 na sitiret, a cikin lita ɗaya ta ruwa. In babu na fakiti, na gida shi ne ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri, a shafe bakin cokalin, cikin lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, kuma ba a ajiye shi ya wuce awa 24. In gishiri ya yi yawa yakan cutar da yaro, in sukari ya yi yawa yakan ƙara gudawar. Shi ya sa lemon kwalba ba ya maye gurbinsa, domin sukarinsa ya yi yawa, gishirinsa bai taka kara ya karya ba.

To amma akwai abu biyu da ya kamata a sani. Na farko, wannan haɗi ba shi da maganiziyam ko kaɗan. An tsara shi ne domin gudawar kwana biyu ko uku, don haka mai ciwon da ya daɗe zai iya sha kullum, maganiziyam ɗinsa yana ta sauka. Shi ya sa haɗin da ake ba yara masu tsananin tamowa ya bambanta, an rage masa sodiyam an ƙara fotasiyam da maganiziyam da zinki. Na biyu, mai jakar hanji da ke zubar da ruwa da yawa, in ya riƙa kwankwaɗar tsurar ruwa don ƙishirwa, ruwan yakan jawo sodiyam daga jini ya fice da shi, ƙishirwar ta ƙaru. Domin irin waɗannan ne asibitin St Mark na Landan ya tsara nasa haɗin, giram 20 na gulukos da 3.5 na gishiri da 2.5 na soda a lita ɗaya. Kowane ciwo da nasa awo.

Ƙwayar kanti ba ita ce mafita ba

Mai karatu zai iya cewa, tun da haka ne, sai kowane mai ciwon ciki ya nufi kanti ya sayi ƙwayar maganiziyam, musamman yanzu da tallarta ta cika intanet, ana cewa tana kawo barci tana kore gajiya. Wannan ma kuskure ne, kuma dalilan a fili suke.

Na farko, maganiziyam da kansa maganin maƙarƙashiya ne. Abin da hanji bai tsotse ba yakan tsaya ya jawo ruwa, ciki ya saki. Gishirin Epsom da madarar maganisiya da aka daɗe ana sha don wankin ciki duk da shi aka yi su, haka kuma farin ruwan nan na gyambo da ake kira mis-mag yana ɗauke da shi. Don haka mai gudawa da ya sha da yawa ya ƙara wa kansa asara, ana magani kai yana kumbura. Saboda wannan ne masanan Amurka suka sa iyakar abin da baligi zai sha ta ƙwaya, ba da kulawar likita ba, a kan miligiram 350 kowace rana. Na cikin abinci kuwa ba shi da wannan iyaka. Nau'o'in ma sun bambanta: na sitiret da laktet da kulorayid sun fi shiga jini a kan na oksayid. Likita kan raba shi kaɗan-kaɗan, in kuwa hanjin ya kasa, sai a bayar ta jijiya.

Na biyu, ƙoda ce ke zubar da rara. Wanda ƙodarsa ta raunana, kamar tsofaffi da masu ciwon sukari ko hawan jini da ya daɗe, in ya riƙa sha sai ya taru a jini, hawan jini ya faɗi, numfashi ya yi rauni, zuciya ta tsaya. Haɗarin fotasiyam ya ma fi wannan, domin tazarar da ke tsakanin daidai da halaka ƙanƙanuwa ce, kuma wasu magungunan hawan jini da ma suna tara shi. Na uku, maganiziyam yana kama wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta a cikin hanji ya hana su aiki, kamar tetirasaikilin da sifiro, wadda ake yawan ba masu taifot. Ƙa'ida ita ce a sha waɗannan awa 2 kafinsa ko awa 4 zuwa 6 bayansa. Mai kanti ba kullum yake faɗar haka ba. Lambar NAFDAC da ke jikin kwalba shaidar rajista ce, ba ta ce ƙwayar ta dace da kowane mai ciwo ba.

Akwai kuma kanwa, uwar gami. Turancin kasuwa na Nijeriya yana kiranta fotash, har wasu 'yan boko suka ɗauka fotasiyam ke cikinta, suna ba da shawarar a sha. Alhali mafi yawan abin da ke cikin kanwa sodiyam ne. Cikin shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego da shan kunun kanwa da wankan jego. Ko da yake binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna akwai wasu dalilai, darasin yana nan, watau gishirin da aka ɗura wa jiki ba da awo ba yana iya zama nauyi a kan zuciya.

Abin da za a iya kawowa na suka

Za a ce gwajin jini kuɗi ne, kuma ba kowane asibiti ke auna maganiziyam ba. Gaskiya ne, domin ba ya cikin gwajin gishirin jini da aka saba yi, sai likita ya nema daban. Za a kuma ce gwajin ma bai cika ba, tun da abin da ke cikin jini bai kai kashi 1 cikin 100 ba, mutum zai iya zama da ƙaranci alhali sakamakonsa ya nuna daidai. Wannan ma gaskiya ne. To amma duka biyu hujja ce ta a ƙara lura da tarihin majinyaci: tun yaushe yake gudawa, me aka hana shi, wace ƙwaya yake sha, nawa aka yanke na hanjinsa. Waɗannan tambayoyi ba su cin ko kwabo. Kuma ba kowa ke bukatar gwajin ba, sai waɗanda aka ambata: mai gudawar da ta daɗe, mai jakar hanji, wanda ya shekara yana shan omefirazol, da wanda fotasiyam ɗinsa ya ƙi tsayawa.

Ga mafi yawan mutane kuwa, mafita tana cikin madafa. Wanda wake ke kumbura wa ciki, a jiƙa a cire ɓawon a yi alala ko ƙosai, a gwada masa kaɗan. Wanda ba ya iya tauna gyaɗa, ga kunun gyaɗa da miyar taushe. Ganye in ya dahu lugub ko ya zama gari kamar kuka, ya fi sauƙi a kan ɗanyen kwaɗo. Jiƙa hatsi da tsima shi, kamar yadda ake yi wa gasara, yana rage abin da ke riƙe gishirin hatsi ya hana hanji ɗauka. Ayaba da dabino da dankali kuma suna ba da fotasiyam ga wanda ƙodarsa ke lafiya. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, don haka a bar majinyaci ya gwada ya gane abin da cikinsa ke karɓa, maimakon a yanke masa hukunci a kan abin da ya cutar da wani.

Haƙƙin da ke kan ɗaliban Hausa

Wani zai yi mamakin abin da ya kawo wannan magana cikin mujallar sashen Hausa. Dalili shi ne rabin matsalar ta harshe ce. Kalmar gishiri guda ɗaya ce a bakin mutane. Likita ya ce wa mai hawan jini ya rage gishiri, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi kada ya kai giram 5 a rana, sa'an nan ya ce wa mai jakar hanji ya ƙara, sai 'yan gida su rikice su zaɓi maganar da suka fi sabawa da ita. Kalmar cokali ma haka, tun da ba a bambance na shayi da na cin shinkafa ba, kuma wannan bambanci kan ninka awon har sau uku. Ruɗanin kanwa da fotasiyam kuwa kuskuren fassara ne tsantsa. Takardar da ke cikin kwalin magani da Turanci take, mai jinya kuwa da Hausa take tunani.

Saboda haka aikin ƙirƙirar kalmomi da daidaita su, wanda sassan Hausa suka daɗe suna yi a fannin nahawu da adabi, ya kamata ya shiga ɗakin majinyata. Ɗalibin da ke neman abin da zai rubuta kundin digiri a kansa, ga fili nan: ya tattara kalmomin hani da na ciwon ciki daga bakin mata da masu magani, ya zauna da likitoci da masana abinci, a fito da 'yar takarda wadda uwa za ta karanta ko a karanta mata ta gane ba tare da tafinta ba. Masu shirye-shiryen rediyo ma daga waɗannan sassa suke fitowa.

Kammalawa

An ga cewa ciwon ciki yana kwashe gishirin jiki, hani yana toshe hanyar dawowarsa, wasu magunguna kuma suna ƙara rage shi. An ga cewa mayar da shi yana ceton rai in an auna, yana kuma iya halakarwa in an yi da ka. Abin da ya rage shi ne kowa ya riƙe nasa. Likitan da ya hana abinci ya faɗi dalili da wa'adi da abin da zai maye gurbi. Mai kanti ya tambayi lafiyar ƙoda da sauran magungunan da ake sha kafin ya miƙa ƙwaya. Ɗan dubiya ya yi addu'a ya bar dokar ga masu ita. Majinyaci da mai jinyarsa kuma, duk sa'ad da aka ce kada a ci kaza, su tambaya: har yaushe, kuma me za a ci a madadinsa? Allah ya ba marasa lafiya lafiya, amin.